Garin kiriyatin ko kwanon wake? Abin da samarin Malanville masu ɗaga ƙarfe ke zuba wa cikinsu

A Malanville ƙarfi sana'a ne. Buhun shinkafa da na albasa ba sa hawa mota da kansu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa garin da Gaya, an shafe wata da watanni kayan da babbar mota ke tsallakawa da su cikin 'yan mintoci sai a kan 'yan dako suke gangarawa bakin kogi, a loda su a kwale-kwale, a can ƙetaren ma a sake sungumarsu. Yaron da ya tashi a irin wannan gari yakan san darajar ƙwanji tun kafin ya iya haɗa baƙi.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, ƙarfin kaɗai ya daina isar samari. Yanzu so ake a gan shi: ƙirji ya buɗe, damtse ya cika hannun riga, ciki ya rabu gida shida kamar na mutanen da ke cikin bidiyon TikTok da Instagram. Kayan aikin ba su da wuya. A cika gwangwani biyu da siminti, a soka ƙarfe a tsakiya, a samu benci, shi ke nan an buɗe wurin ɗaga ƙarfe a bayan gida. Wanda ya kalli fim ɗin “Zinder” na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga irin wannan a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, inda samarin da ba su da aikin yi suka mai da gina jiki abin tinƙaho, har wasu na fatan ya zame masu hanyar samun aikin gadi.

Ɗaga ƙarfen shi kansa ba abin tsoro ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na kimanin sa'a guda kullum, kuma aƙalla sau uku a mako ya yi wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Maganar da ake yawan yi wai ƙarfe na hana yaro tsawo, bincike bai tabbatar da ita ba, muddin nauyin daidai da shi ne kuma akwai babba a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan wata biyu ko uku, lokacin da yaro ɗan shekara 15 ko 16 ya tsaya gaban madubi ya ga har yanzu shi ne dai siririn nan. Daga nan ne yake fara tambayar abokai: me kuke sha? Sunan da ya fi yawo a wayoyi kuwa shi ne kiriyatin.

Mene ne shi, kuma me yake yi?

Kiriyatin ba baƙon abu ba ne a jikin ɗan Adam. Wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Michel Eugène Chevreul, shi ya fara gano shi a cikin nama a 1832, ya kuma raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin nama. Hanta da ƙoda suna haɗa kimanin giram 1 a kowace rana, mai cin nama da kifi kuma yana samun kusan wani giram ɗin daga abinci. Kusan kashi 95 cikin 100 na abin da ke jiki a cikin tsoka yake ajiye. Aikinsa kamar na ɗan canjin da mai shago ke bari a aljihu ne, wanda ake zarowa nan take ba sai an buɗe akwati ba. Idan mutum ya yunƙura da dukan ƙarfinsa, ya ɗaga buhu ko ya sheƙa a guje, wannan ajiyar ce ke riƙe shi na daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, kafin jiki ya koma ga ƙona sukari.

Duniyar wasanni ta waiwaye shi ne a 1992. A shekarar ne Roger Harris da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa shan garin na ƙara yawan ajiyar da ke cikin tsoka, kuma a shekarar ne jaridu suka ruwaito cewa wasu 'yan tseren Birtaniya sun yi amfani da shi kafin gasar Olamfik ta Basalona. Tun daga lokacin an yi ɗaruruwan gwaje-gwaje a kansa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ba ta haramta shi ba. Ba ya cikin dangin allurai da ƙwayoyin da ke kwaikwayon sinadarin mazakuta. Abin da aka saba ba baligi shi ne giram 3 zuwa 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan.

To, me mutum zai gani? A makon farko ma'auni kan nuna ƙarin kilo 1 zuwa 2, musamman ga wanda ya fara da yawa. Wannan ruwa ne tsoka ta ja ta riƙe. Bayan haka, wanda a da yake ɗaga nauyi sau takwas ya gaji, yana iya kaiwa tara ko goma, kuma wannan ɗan ƙarin aikin ne, idan aka jera makonni ana yi, yake zama tsoka. Gwaje-gwajen da aka yi wa manya sun nuna bambancin bai wuce kimanin kilo guda ba a cikin wata biyu zuwa uku, tsakanin wanda ya sha da wanda bai sha ba, alhali dukansu suna atisaye. Akwai kuma waɗanda ba sa ganin komai sam, galibi masu cin nama sosai da tsokarsu ta riga ta cika. Wanda ya sha ya zauna a majalisa yana jiran ƙirji ya fito, kuɗinsa kawai ya zubar.

Maganar ƙoda ita ce ta fi damun iyaye, kuma tana da tushe. Kiriyatin idan ya gama aiki yana rikiɗewa ya zama wani dattin da ake kira kiriyatinin, wanda ƙoda ke tacewa, kuma shi ne likitoci ke aunawa a jini don su san lafiyar ƙoda. Mai shan garin yana iya ganin adadin ya ɗan hau ko da ƙodarsa lafiya lau take. Shi ya sa duk wanda ke sha ya kamata ya faɗa wa likita kafin a ɗebi jininsa. A kan manya masu lafiya, da ke shan adadin da aka ƙayyade, bincike bai nuna yana lalata ƙoda ba. Mai ciwon ƙoda kuwa, ko wanda bai san matsayin tasa ba, lissafinsa daban ne, za mu zo kansa. Sai batun sanƙo da samari ke tambaya a ɓoye. Asalinsa wani ƙaramin gwaji ne da aka yi wa 'yan wasan rugbi a Afirka ta Kudu a 2009, inda aka ga wani sinadari ya hau a jininsu. Ba gashi aka ƙirga ba.

Ɗan shekara 16 fa?

A nan masana suka rabu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahotonta na 2016, ba ta goyi bayan bai wa 'yan ƙasa da shekara 18 irin waɗannan abubuwa ba. Hujjarta ita ce yawancin gwaje-gwajen a kan manya aka yi su, kuma abin da balaga da abinci da atisaye ke ba yaro ya fi abin da gari zai ƙara masa nesa ba kusa ba. Ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta duniya, ISSN, a matsayarta ta 2017, ta sassauta. Ta ce babu laifi ga matashi, amma da sharuɗɗa: ya kasance yana atisaye na gaske ƙarƙashin mai horarwa, yana cin abinci mai kyau isasshe, ya san yadda ake amfani da shi, kuma ba ya wuce ƙa'ida. Jihar New York kuwa ta bi ta hanyar doka, tun watan Afrilun 2024 ta hana sayar wa 'yan ƙasa da 18 kayan da ake tallatawa da sunan gina tsoka ko rage ƙiba.

Mai karatu ya ɗauki sharuɗɗan masu sassaucin, ya auna su da yaron da ke ɗaga siminti a bayan gida, wanda ya karya da koko zalla, mai horar da shi kuma wayarsa ce. Ko a ma'aunin masu sassaucin bai cika ba. A ganina wannan ya isa amsa ga mafi yawan yaranmu: ba yanzu ba.

Akwai kuma abin da samarin ba sa son ji. Jikin namiji yana da jerin da yake bi. Tsawo ne ke fara zuwa, galibi wajen shekara 13 zuwa 14, yaro ya zama zanƙalele, wando ya ɗage. Cikar tsoka da faɗin kafaɗa daga baya suke biyowa, wani sai ya kai 18 ko 20. Abokinsa da ya riga shi balaga da shekara biyu zai fi shi ƙirji ko da ruwan rijiya kawai yake sha. Idan wannan abokin ya ce ai gari kaza ne ya yi masa aiki, ƙaramin zai yarda, don ga shaida a gabansa.

Abin da ke cikin ledar

A ce ma yaro ya cika sharuɗɗan duka. Saura tambaya ɗaya, wadda a garin iyaka irin namu ta fi sauran nauyi: abin da ya saya ɗin, shi ne kuwa?

Ko a ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya ba a tsananta masu kamar magani. A Amurka, dokar 1994 ta ba kamfani damar fitar da irin wannan kaya kasuwa ba tare da hukumar abinci da magunguna ta fara amincewa da shi ba. A farkon shekarun 2000 wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus, da tallafin kwamitin Olamfik na duniya, ya sayi kaya iri 634 daga ƙasashe 13 ya auna. Guda 94, kusan kashi 15 cikin 100, an samu suna ɗauke da sinadaran dangin mazakuta da ba a rubuta a jikin robar ba. Waɗannan fa kaya ne da aka saya a rufe, da tambari, a Turai da Amurka. Dalilin da ya sa ke nan aka ƙirƙiro hatimai irin su Informed Sport da NSF, na masu gwada kaya rukuni-rukuni kafin 'yan wasa su sha.

Yanzu a kwatanta da farin garin da aka ɗebo daga babbar roba aka ƙulla a leda don a sayar da shi daidai aljihun ɗan makaranta. Kiriyatin na gaske fari ne, ba shi da wari, kusan ba shi da ɗanɗano. Garin rogo da aka tankaɗe sosai ma fari ne, haka garin sukarin gulukos. Ido ba ya rabewa. Babu ranar lalacewa, babu sunan kamfani, babu wanda za a kama idan wani abu ya faru. Robar da ke da tambari ma ana buga na jabu. Benin ta san wannan ciwo. A Kwatano ne aka yi kiran yaƙi da jabun magunguna na 2009 wanda tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya jagoranta, kuma a watan Fabrairun 2017 jami'an tsaro suka dira a Adjégounlè, sashen masu magani na kasuwar Dantokpa, suka kwashe tan-tan na kaya. Sayar da magani a tire ko a teburin kasuwa haramun ne a dokar ƙasa. Amma daga Kwatano zuwa nan ya haura kilomita 700, ga kogi, ga Gaya, ga Kamba a jihar Kebbi ba nisa, kuma kowa ya san kwale-kwale ba ya tambayar abin da ke cikin kwali.

Gaskiyar magana ma, yawancin yara ba su da kuɗin kiriyatin, na gaske ko na jabu. Abin da aljihunsu ke kaiwa shi ne ƙwayar da ake ce wa sha-ka-fashe, wadda aka fi sanin 'yan mata da ita, amma samari masu neman cika riga su ma sun gano ta. A nan haɗarin yake. Galibi abu biyu ne ake haɗawa. Na farko sifurohebtadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya kuma sa barci, shi ne ke cikin ruwan Apetamin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023. Na biyu dekzametazon, wanda a bakin masu saye ya koma “dekza”.

Dekza magani ne mai daraja a hannun likita, yana ceton rai a asma mai tsanani da wasu cututtuka. Amma wanda ya sha shi makonni don ya yi jiki, ga abin da zai samu. Fuska ta kumbura ta yi zagaye. Kitse ya taru a ciki da ƙeya. Jiki ya riƙe ruwa da gishiri, ma'auni ya hau, abokai su ce ai ka fara cikowa. A daidai wannan lokacin maganin yana cin tsokar cinya da ta damtse, domin aikinsa ke nan, yana rushe furotin ɗin tsoka ya mai da shi sukari. Wato yaron da ya je neman tsoka ya biya kuɗi an rage masa wadda yake da ita. Ƙari a kan haka, yana iya tayar da ciwon sukari da hawan jini, ya sa ƙashi ya yi rauni, fata ta tsattsage, garkuwar jiki ta faɗi, a garin da zazzaɓin cizon sauro ke jiran kowa da damina. Ga wanda bai gama girma ba kuma, yana danne tsawo.

Allurai da ƙwayoyin mazakuta na ainihi, waɗanda manyan masu gina jiki ke sha a ɓoye, su suna ƙara tsoka, babu musu. Farashinsu ga matashi shi ne suna iya rufe bakin ƙashi da wuri ya tsaya a tsawon da yake har abada, nono ya fito masa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, hanta da zuciya su jigata. Da yawa daga jikunan da yara ke kallo a waya da wannan aka gina su, sai mai jikin ya ɗaga robar gari ya ce ga sirrin, domin robar ce ake biyansa ya tallata. Taramol kuma, da wasu 'yan dako ke sha don kada su ji gajiya, ba ya ƙara ko giram ɗaya na tsoka. Zafin kawai yake ɓoyewa, mutum ya ci gaba da ɗaga abin da ya fi ƙarfin bayansa.

Lissafin kwano

Tsoka da furotin ake gina ta, kuma an san iyakar abin da jiki ke iya amfani da shi. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 49, ya nuna cewa ga mai ɗaga ƙarfe, amfanin yana tsayawa ne a wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Abin da ya haura haka ba ya ƙara komai a ma'auni. Saurayi mai kilo 55 ke nan yana neman kimanin giram 88. Bari mu shiga kasuwa da wannan adadi.

Ƙwai ɗaya yana da giram 6, biyu 12. Busasshen wake giram 100, kafin a dafa, yana da wajen 23. Ɗanyen kifi giram 100, tarwaɗa ce ko karfasa, yana ba da kusan 20. Rabin lita na nono, 16. Hatsin da zai ci a yini, tuwo da shinkafa da fura, shi ma yana kawo sama da 20, abin da mutane ke mantawa da shi. An kai 90 ke nan, ba a taɓa nama ba, ba a ƙirga gyaɗa ba, wadda kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne, ba a ƙirga ƙuli-ƙuli ba, wanda ya fi gyaɗar ma tunda an matse mai. Waken suya ya fi su duka, ya haura 35 a cikin 100, kuma arewacin Benin na noma shi sosai. Awarar da yara ke saye a bakin makaranta daga gare shi take. Ga wagashi na Fulani, wanda ake daskarar da madara da ruwan tumfafiya, abin da baƙi ke ɗauka tsaraba zuwa kudu. Ga fara in lokacinta ya yi. Cokalin garin madarar nan na 'yan wasa da ake sayarwa a manyan robobi yana ba da wajen giram 24, daidai da ƙwai huɗu. Kowa ya tambayi kuɗin robar, ya raba da yawan cokulan da ke ciki, ya kwatanta da kuɗin ƙwai huɗu a wurin mai shayi.

Shinkafa da wake, ko tuwo da miyar wake, ko fura da nono, haɗi ne mai ma'ana. Abin da hatsi ya gaza a cikin tubalan furotin wake na da shi, abin da wake ya gaza hatsi na da shi. 'Yan kokawar Nijar, tun daga Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975 har zuwa Issaka Issaka na jihar Doso, maƙwabtanmu na ƙetaren kogi, da ya ɗauka sau da dama, sun fito ne daga gidajen da ake cin irin wannan cima. Kiriyatin ɗin ma yana cikin kifi da nama, giram 3 zuwa 5 a kilo guda na ɗanye. Mutumin bakin kogi da ke samun kifi a kai a kai ba daga sifili yake farawa ba.

Sai dai kada a yi wa juna ƙarya, ba kowane gida ke iya ajiye wa yaro ɗaya ƙwai biyu da kifi da nono kullum ba, musamman tun da rufe iyaka ya taɓa cinikin mutane da yawa. To amma wannan hujja ce a kan garin, ba a gare shi ba. Yaron da abincinsa bai kai ba, jikinsa zai ƙona duk furotin ɗin da ya samu don ya yi tafiya da karatu da dako, babu abin da zai rage na gini. Idan jaka biyar ta shigo hannunsa, wake da ƙwai da gyaɗa za su yi masa abin da cokalin gari ba zai yi ba. Gyaɗar dai a duba ta, wadda ta yi funfuna ko take ɗaci a zubar, domin gubar da ke cikinta hanta take ci.

Kafin a zargi abinci ma, a duba jini. Yaran da suka tashi suna wanka a kogi ko aiki a fadamun shinkafa suna kamuwa da tsargiya, har wasu na ɗaukar fitsarin jini kamar wata alamar girma ce. Ba haka ba ne. Tsutsa ce ke zaune a jijiyoyin mafitsara, tana rage jini, kuma idan ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda. Ga tsutsar ciki, ga zazzaɓin da ke dawowa duk damina. Yaro mai ƙarancin jini zai yi ta ɗaga ƙarfe yana haki, ba ya gaba. Maganin tsargiya, farazikwantel, sananne ne, kuma gwajin fitsari da na jini ba su fi ƙarfin asibitin yanki na Malanville da Karimama ba. Wannan ne yaron da muka ce lissafinsa daban ne. Wanda ya taɓa fitsarin jini, ko mai sikila, ko wanda ƙafarsa ko fuskarsa ke kumbura, kada ya kusanci kiriyatin sai likita ya duba ƙodarsa. Haka wanda ya saba haɗiyar diklofenak ko ibufurofen duk lokacin da jiki ya yi tsami, don su ma ƙoda suke wahalarwa, balle a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40.

Azumi ma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a kusa da wannan lokaci. Mai ɗaga ƙarfe ya mai da atisayensa bayan buɗa-baki ko bayan asham, ya rage nauyi, ya rarraba shan ruwa daga magariba zuwa sahur, ya sa wake ko ƙwai ko nono a sahur ɗin. Ba a rasa tsoka a wata guda idan ana ci da dare. Masu tambaya ko kiriyatin halal ne, garin da ake sayarwa ba daga nama ake tatso shi ba, a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai. Inda ake shakka shi ne wanda aka ɗura a ƙwanso, don ƙwanson sau da yawa da jelatin ake yin sa, kuma jelatin na iya zama na alade. Barci kuma, matashi na buƙatar sa'a 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare a majalisa yana kurɓar shayi zagaye uku, ya tashi da asuba, ya rage wa kansa lokacin da jiki ke gyara abin da ƙarfe ya yaga. Shayin mai kauri a kan abinci yana kuma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, gara a ba shi tazarar sa'a guda.

Uban da ya tsinci roba ko leda a ɗakin ɗansa, faɗa da duka ba za su gaya masa abin da ke ciki ba, sai dai su koya wa yaron ɓoyewa. Ya ɗauki abin, ya ɗauki yaron, su tafi wurin mai farmasi na gaske ko likita, a karanta. Idan kiriyatin ne a robarsa ta asali, ana iya ajiye shi a yau ba tare da wata illa ba, ruwan da tsoka ta riƙe zai sauka cikin 'yan makonni. Idan kuwa dekza ne, kuma yaron ya yi sama da mako biyu ko uku yana sha, kada a ƙwace a hana shi rana ɗaya. Jikinsa ya riga ya rage yin nasa sinadarin, ya dogara da na ƙwayar, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo amai da jiri da faɗuwar jini har ta kai ga suma. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ya kuma auna sukari da hawan jini a hanya.